Gora, Kwale-kwale da Tafki: Sana'ar Su a Ƙananan Ruwayen Kwarin Rima



In aka ambaci Argungu, abin da ke fara zuwa a ran mutum shi ne ranar nan guda ta gasa, sa'ad da dubban masunta ke jeruwa a bakin Matan Fada, a buga bindiga, su auka cikin ruwa gaba ɗaya da homa da gora, bayan kamar sa'a guda a fito da giwan ruwa a ɗora ta a kan ma'auni. A gasar watan Maris na 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Wannan abin kallo ne, kuma ya cancanci sunan da ya yi, har Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. To, amma masunci ba ya ci da iyalinsa da su na sa'a guda a shekara. Abincinsa na sauran kwanaki yana fitowa ne daga wuraren da baƙo ba ya zuwa kallo, watau ƙananan tafkuna da gurabu da ke warwatse cikin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, inda mutum guda ke shiga da asuba a kan gora ko cikin ɗan kwale-kwale. Waɗannan tafkuna su ne abin da wannan lacca za ta duba: yadda su ke samuwa, irin kifin da ke cikinsu, dalilin da ya sa ƙaramin jirgi ya fi dacewa da su, da kuma abin da ke neman ƙafar da su.

Yadda tafki ke samuwa

Gulbin Rima yana tattara ruwansa daga ƙasar Katsina da Zamfara da gulbin Maraɗi, ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya karkata kudu maso yamma ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi gulbin Zamfara da gulbin Ka kafin ya faɗa Kwara. Daga Sakkwato zuwa ƙasa gangaren ba shi da yawa, saboda haka ruwan ba ya gudu, tafiyar hawainiya ya ke yi, yana lanƙwasa, yana rarrabuwa cikin fadama mai faɗin kilomita da yawa. Ruwan da ke irin wannan tafiya ba ya zama a hanya guda. Bana ya bi nan, bayan 'yan shekaru ya yanke lanƙwasar ya bi can, ya bar tsohuwar hanyarsa a baya. Wannan tsohuwar hanya da gulbi ya bari, da sauran kwaruruka na cikin fadama, su ne tafkunan da a ke magana.

Daga watan Agusta zuwa Satumba gulbi ya kan cika ya tumbatsa, ya malale fadama, ya haɗe tafkunan nan duka su zama ruwa guda. A wannan lokaci ne kifi ke barin gulbi ya shiga cikin ciyawa, cikin burugu da shinkafa, inda ruwa ba zurfi, ga ɗumi, ga abinci, ga maɓoya. Can ya ke zuba ƙwai. Bargi, wanda waɗansu ke kira balli, ya kan share wuri cikin ciyawa ya kewaye shi kamar akurki, faɗinsa ya kai mita guda, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa. Yauni ya kan yi sheƙa mai yawo a bisa ruwa. Gargaza, wadda Kanawa ke ce wa ƙarfasa, namijin ke haƙa ɗan rami a ƙasa, macen kuwa ta kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Cikin 'yan watannin nan na cikar ruwa kifi ke yin mafi yawan girman da zai yi a shekara.

Da kaka ta yi ruwa ya soma janyewa. Kifin da ya yi hanzari ya koma gulbi, wanda ya yi jinkiri kuwa hanya ta yanke masa, ya zama ɗan tafki har wata damina. Ke nan kifin da masunci ke kamawa a tafki da rani ba tafkin ne ya haife shi ba, ambaliya ce ta haife shi, ta yi renonsa, ta kawo shi ta ajiye. Tafki rumbu ne, fadama ita ce gonar. Masana kimiyyar kifi sun tabbatar da wannan da lissafi. Robin Welcomme, wanda ya yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna a littafinsa na 1979 a kan gulaben da ke malale fadama cewa yawan kifin da a ke kamawa a shekara yana bin girman ambaliyar shekara guda ko biyu da suka gabata. Tsofaffin masunta ba su jira littafi ba, tun da can in suka ga inda ruwa ya tsaya a jikin itace da damina sun san irin ranin da za su yi.

Zaman tafki da rani zaman wuya ne. Da hunturu ruwa ya kan yi sanyi, kifi ya sauka ƙasa ya rage cin abinci. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ruwa na raguwa kullum, iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa tana ƙaranci, musamman gab da asuba, har a ga ƙananan kifaye sun taso sama suna haki. Don haka ba kowane kifi ke kai wa damina ba. Tarwaɗa da ramboshi suna da wata halitta a bayan kai wadda su ke shaƙar iskar sarari da ita, har tarwaɗa ta kan ja ciki cikin dare ta bar kududdufin da ke ƙafewa ta nemi wani. Tufi da bargi su ma suna shaƙar iska. Gaiwa ta fi su duka dabara, domin in ruwa ya ƙare sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Giwan ruwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru. Sai gurbi mai zurfi mai sanyi ke riƙe ta, shi ya sa samunta a wuri shaida ce cewa ruwan wurin yana da lafiya.

Gora da kwale-kwale

Irin wannan ruwa shi ya zaɓa wa Bakabe kayan aikinsa. Tafki ba shi da zurfi, ƙasansa laka ce, gefensa cike da bado da kainuwa da burugu. Babban jirgi ba ya shiga, in ma ya shiga ba ya juyawa. Injin jirgi ciyawa ke sarƙe shi, ƙararsa kuma ta kori kifi. Daɗin daɗawa tafkunan ba a haɗe su ke ba da rani, sai mutum ya taka daga wannan zuwa wancan. Abin da a ke bukata shi ne abin hawan da mutum guda zai iya ɗauka, wanda ba ya motsa ruwa, wanda kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba.

Gora ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Babban duma ne da a ke shukawa, ya ƙosa, ya bushe, a fafe shi ta sama a bar baki daidai shigar hannu. Masunci ya kan kifa cikinsa a kanta, ya yi tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama ya jefa ciki. Jirgi ce, kwando ce, kuma ita ce abin da ke hana shi nutsewa. In ya gama ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi tafki na gaba. Abokiyar aikinta ita ce homa, koma biyu da aka ɗaura a jikin lanƙwasassun sanduna, ɗaya a kowane hannu, mutum ya nutsa ya buɗe su ya haɗa kamar mai tafi. Wanda ya kalli mai homa yana aiki zai lura cewa ba da ido ya ke su ba, domin ruwan ba a ganin komai cikinsa. Da jiki ya ke ji, da tafin ƙafa, da motsin ruwa a fatarsa. Wannan ilmi ne da ba ya shiga littafi, tun yaro na ƙarami ya ke ɗaukarsa a bayan ubansa.

Kwale-kwale kuwa na mai birgi ne da mai kalli da mai ƙugiya. A da daga gungumen itace guda a ke sassaƙa shi, galibi maɗaci, amma da manyan itatuwa suka yi wuya sai aka koma haɗa shi da katako da ƙusa. Tsufan wannan sana'a a ƙasar nan ya wuce yadda a ke zato. Kwale-kwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai tsawon fiye da mita 8, an auna shekarunsa sun kai wajen 8,000, kuma shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka. A ƙasar Kabi ma jirgi na cikin tarihin sarauta. Kanta, wanda ya ɓalle daga mulkin Sanwai wajen 1516 ya kafa birninsa a Surame, tarihin baka ya ce yana da jirgi wanda aka lulluɓe da tagulla, wanda ya ke ratsa fadama da shi in ruwa ya cika.

Mai kwale-kwale a tafki ba ya gaggawa. Da sanda ya ke tura jirgin in wuri ba zurfi, in da zurfi ya sa filafili, ya kuma kiyaye kada ya bugi jikin jirgin, domin ƙara tana tafiya cikin ruwa fiye da yadda ta ke tafiya a sarari. Ya kan shimfiɗa kalli da yamma a bakin ciyawa, inda kifi ke fitowa kiwo, ya dawo da asuba ya ɗaga. Mai birgi ya kan tsaya cik a goshin jirgi, ya jira ya ga ɓulɓulin iska ko rawar ganyen bado, sa'an nan ya watsa. Wurin da itace ya faɗa cikin ruwa kowane masunci ya san shi, domin nan ƙananan kifaye ke fakewa, manya kuma su biyo su.

Wani tafki a wata ƙasa

A nan yana da amfani a leƙa wata ƙasa mai nisa, domin abin da Bakabe ya gano da gora waɗansu sun gano shi ta wata hanya. A Amurka akwai miliyoyin mutane masu kamun kifi don nishaɗi, kuma da yawa cikinsu sun bar manyan jirage masu inji sun koma wani ɗan siririn jirgi na mutum guda mai suna kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace. Na yanzu da roba a ke yinsa. Dalilansu su ne dalilan mai gora: mutum guda na iya ɗaukarsa, yana shiga inda babban jirgi ba ya shiga, ba ya kuma firgita kifi. Ɗaya daga cikin kifayen da suka fi nema a ƙananan tafkuna shi ne wanda su ke kira kirafi, mai faɗin jiki kamar gargaza, wanda galibi bai kai rabin kilo ba. Yana tafiya garke-garke, yana son fakewa cikin rassan da suka nutse, har masu kamunsa kan ɗaure rassa su nutsar da gangan don su tara shi wuri guda. Wannan dabara ma ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, domin masuntan tafkin Nokuwe na ƙasar Binin sun daɗe suna kafa rassa cikin ruwa, abin da su ke kira akaja.

Abin lura game da kirafi shi ne halinsa a ƙaramin tafki. Yana hayayyafa ƙwarai, in kuwa ba manyan kifaye masu cinsa, sai ya cika tafkin, abinci ya gaza, a wayi gari da dubban kifaye waɗanda suka tsufa ba su girma ba. Saboda haka hukumomin kifi na can kan gargaɗi masu ƙananan tafkuna kada su zuba shi, in kuwa yana ciki to a bar manyan kifayen da ke rage shi. Haka gargaza ta ke. In aka kwashe giwan ruwa da tufi da zawai daga tafki, gargaza ta kan yi yawa ta tsumbure, ta soma ƙwai tun tana kamar yatsu uku. Masuncin da ke murna ya kama babban kifi na ƙarshe a tafki, baɗi zai cika gora da kifin da ba mai saye da daraja.

Sai dai akwai bambanci babba. Ba'amurke in bai kama komai ba ya koma gida ya ci abincinsa. Yana sayen lasisi, an ƙayyade masa yawan da zai ɗauka a rana, kuma tun 1950 akwai dokar da ta sa haraji a kan kayan kamun kifi, a ke mayar da kuɗin wajen kula da ruwaye. Masuncin Rima kuwa in gora ta dawo wayam, tukunya ba ta hau wuta ba.

Dokar ruwa

Ba a ce ƙasar Kabi ba ta da tata doka ba. Tana da ita tun kafin a san lasisi. Ruwa yana da masu shi: Sarkin Ruwa, da Homa shugaban masunta, da sauran masu riƙe da gurabu ta hanyar gado. Su ke rufe ruwa, su ke buɗe shi. Cikin al'adun da bikin Argungu ya tsiro daga gare su akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, kuma ma'anar fashin ruwa a aikace ita ce, kafin ranar ba mai shiga wannan gurbi da koma. Duk abin da mutum zai ce game da tsafe-tsafen da suka raɓi waɗannan al'adu a da, amfaninsu ga kifi a fili ya ke: an ba shi watanni ya girma, an kuma bar iri. Bikin da aka fara a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe babin gabar da ta faro tun faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, a kan wannan doka ya ke tsaye. Manyan kifayen da a ke fitarwa a Matan Fada ribar hana su ce ta tsawon shekara. Irin wannan tsari akwai shi a garin San na ƙasar Mali, inda a ke buɗe tafkin Sanke sau ɗaya a shekara.

Wannan doka ta yi rauni a ƙananan tafkuna, inda ba idon hukuma ba na baƙi. Zaren roba ya maye gurbin na auduga, koma ta yi araha, idonta kuma ya yi ta ƙanƙancewa har aka kai ga jan taru da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba. Masu zuba guba a da majimfa su ke dakawa, wadda ƙarfinta ke gushewa bayan ɗan lokaci. Daga baya aka shiga zuba maganin ƙwari irin su Gamalin, wanda ke kashe komai, ya kuma bi kifin har cikin mai ci. Dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma doka a takarda ba ta tsaron tafki da tsakar dare. Wanda ke iya wannan shi ne mutumin da ke kwana kusa da tafkin, wanda ya san sawun kowa. Kuskuren da aka yi shi ne an karɓe iko daga hannun sarakunan ruwa ba a ba kowa shi ba.

Ruwan da ba ya zuwa

Duk da haka, koma da guba ba su ne babbar barazana ba. Kifin fadama yana da saurin murmurewa, in aka yi ambaliya mai kyau shekara biyu a jere sai ya dawo. Abin da ba ya jurewa shi ne rashin ambaliyar.

An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978, ta Goronyo a kan Rima kuma a 1984. An gina su ne bayan farin 1972 zuwa 1974, da kyakkyawar niyya ta noman rani da ruwan sha. Amma aikin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina ta sake shi kaɗan-kaɗan da rani, watau ta yanke kan ambaliya, kan ambaliya kuwa shi ke kaiwa tafkunan da ke nesa da gulbi. William Adams, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya buga sakamakon bincikensa a 1985. Ya tarar faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa ya ragu, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, waɗansu masunta sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Waɗannan mutane ba su shiga lissafin riba da hasarar da aka yi kafin gini ba. Wani lokaci kuma abin ya kan juye, ruwa ya zo gaba ɗaya ba shiri, kamar a Satumbar 2010, sa'ad da ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a Sakkwato da Kebbi, ta karya gadar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sa'an nan ga shinkafa. Tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990 injin ban-ruwa ya bazu, kuma bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, da buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017, noman rani ya mamaye fadama. Ba mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan arziki, kuma sau da yawa manomin shi ne masuncin, da safe yana kan gora da hantsi yana gona. Amma injin da aka kafa a bakin tafki yana iya zuƙe cikin makonni ruwan da a da ke kaiwa damina, maganin ciyawa da na ƙwari kuma su gangaro cikin abin da ya saura. Makiyayi ma da wannan ruwa ya dogara. Ko Matan Fada bai tsira ba: daga 2010 zuwa 2019 ba a yi bikin ba, kuma bayan matsalar tsaro, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka riƙa ambatawa.

Maganin wannan ba sai an rushe madatsa ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke riƙe da ƙofofin Goronyo da Bakolori, kuma ƙofar da ke tsare ruwa tana iya sakinsa a kan lokaci. An gwada haka a wurare masu kama da nan. A arewacin Kamaru madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Lagone, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata mashiga da aka toshe, ruwa ya sake malala, ciyawa ta tsiro, kifi ya dawo, aka ƙara buɗe wata a 1997. A kogin Sanagal ma an yi shekaru ana sakin ambaliya da gangan daga madatsar Manantali saboda manoma da masuntan ƙasa.

A kwarin Rima aikin farko mai sauƙi ne, ɗaliban jami'a ma suna iya yinsa cikin rani biyu: a bi fadama daga Augie zuwa Argungu, zuwa Birnin Kebbi, zuwa Bunza, a rubuta kowane tafki da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da mai riƙe da shi, da watan da ya ke ƙafewa, da tsawon da ruwan gulbi zai kai kafin ya shiga cikinsa. Da wannan lissafi a hannu sarakunan ruwa za su iya zama da injiniyoyin madatsa su ce musu ga yawan ruwan da a ke bukata a Argungu a makon farko na Satumba, ga kuma tafkunan da za a keɓe a hana kafa inji a bakinsu daga watan Fabrairu har saukar damina.